Ƙanƙarar kular Inna

Maman yara,

Allurar ciwon sugan Inna ta lalace, kuma ni ne sila. Shekaranjiya babu wuta, ƙanƙarar da nake cusawa a aljihunan rigar sanyaya jikina duk ta narke. Ga zafi, ga kai kaya a babur har yamma. Sai na kwashe ƙanƙarar da ke cikin kular maganinta, na ce ai kula za ta riƙe sanyi. Ba ta riƙe ba.

Ki daina yi wa yara faɗa. Da kike tambaya, kunya ce ta ɗaure min baki.

Na koma asibiti. In kin tashi ki kawo mata zani. Ni na wuni a sanyi, uwata ga ta kwance ana ƙara mata ruwa.