Abin da Tafinta Ta Rage

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jikin Inna? Ya ƙafar taki? Ina fata da sauƙi.

Mu dai ga mu nan, tarin Auta ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce yayarsa, wadda babansu ke tsokana da Tafinta. Har yau yaren mutanen nan bai zauna a bakina ba, ita ke raka mu asibiti. Sai likita ya yi ta zuba bayani, yana nuna ƙirjin yaron, ita kuwa ta juyo ta ce min wai ya ce a ci gaba da magani. Duk dogon zancen nan? Ni fa na haife ta.

Ga bilicin wanke banɗaki sai ƙarewa yake, hannuwanta duk sun tsattsage. Ta kuma sauya wa ƙanenta wurin kwana ba ta tambaye ni ba. In na tsare ta da ido sai ta sunkuyar da kai. Shekararta tara fa! Wallahi akwai abin da take ɓoye min, gobe da maƙwabciyata zan koma asibitin, ita ta fassara min.

Ƙanwarki,
Maman Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, Allah ya sa kun tashi lafiya.

Mun je. Ashe tun zuwan farko likita ya ce baƙar fumfunar da danshi ya fitar a bangon ɗakin yaran ce ke cin ƙirjin Auta, kuma yana so a turo masu duba gidaje. Tafinta kuwa ta ce masa wai ni na ce a'a.

Na dawo a fusace, na tsare ta. Sai da ta sha kuka ta faɗa min: ta ji mai gidan da muke haya yana gaya wa babansu duk wanda ya kai ƙara zai tsinci kayansa a titi. Shi ne kullum take goge bangon kafin ta tafi makaranta, ta mayar da Auta bakin ƙofa, ta ja katifarta jikin bangon.

Na ce a turo masu dubawar, in titin ne ma mu kwana. Da na ɗaga matashinta zan wanke, sai na ga ta tura kwalbar maganin tari a ƙarƙashi. Ashe ita ma ta fara, a cikin matashin take yi don kada in ji.

Yaya, ki sa mu a addu'a. Jibi zan kai ta asibiti, kuma wannan karon ba ita za ta fassara ba.

Ƙanwarki,
Maman Tafinta