Manhajar Da Na Yi Tana Kashe Kawuna, Tana Tayar Da Kakana

Anti, don girman Allah ki agaza mini da shawara, na rasa tudun dafawa. Na jawo wa kaina ruwan dafa kaina, kuma da hannuna na ɗebo shi.

Sana'ata rubuta manhajar waya. Danginmu suna da yawa, sun bazu, har ta kai ana haɗuwa a asibiti a yi gaisuwar baƙunta, sai daga baya a gane 'yan uwa ne. Shi ne na ce bari in yi abin kirki sau ɗaya a rayuwata. Na haɗa manhaja mai jerin sunayen dangi kaf, kowa da hotonsa, kana jan jerin da yatsa yana tafiya. Wanda ya rasu na sa masa baƙin zare a kan hoto. Wanda yake riƙe da wayarsa a lokacin, ɗigon kore ya kunna a gefen sunansa, ka danna ka aika masa saƙon murya. Ranar da na raba ta na sha albarka har kaina ya yi girma.

To ga inda gizo yake saƙa. Waya ba ta gina wa kowane mutum gurbinsa. 'Yan gurabe ne da ita daidai tsawon fuskarta, wanda ya fice ta sama sai ta zagayo da shi ta ƙasa ta zuba masa sabon suna, kamar faranti a gidan abinci. Ni kuwa na manta da wanke farantin. Na rubuta cewa in mutum ya rasu a sa zare, ban rubuta cewa in yana raye a cire ba. Saboda haka gurbin da mamaci ya zauna a ciki, duk wanda ya gaje shi sai ya gaji zaren. A wayata ban taɓa gani ba, don da mutum kaɗan na gwada, kuma duk masu rai.

Kawuna direba shi ya fara mutuwa. Goggona ce ta ja jerin da sauri, ta gan shi da baƙin zare, ta ɗora hannu a ka, kafin ka ce kwabo gidansa ya cika da masu kuka. Suka same shi a ƙofar gida da soso yana wanke mota. Wata ta zube sumammiya, shi ya yayyafa mata ruwan bokitin. Da farko abin ya yi masa daɗi, wallahi, don an yi ta yabonsa a saƙonni, har yana kunna wa fasinjoji. Sai wani ɗan uwansa ya turo cewa ya yafe wa marigayi duniya da lahira. Kawu ya tafi har gida yana tambayar me ya yi masa da za a yafe. A mutuwarsa ta biyu mutane kaɗan suka zo. A ta uku ko kare bai leƙo ba, kuma wannan ce ta fi ƙona masa rai. Yanzu ba ya amsa gaisuwata.

Dangi har doka suka kafa, a riƙa jan jerin a hankali. An hana Goggo taɓa shi gaba ɗaya, wai yatsanta ya fi annoba. Babana ya kira ni ya ce in gyara kafin mako ya fita, in ba haka ba in goge sunana da kaina.

Za ki ce to in gyara mana. Anti, gyaran bai kai shan ruwa wuya ba, jimla ɗaya ce. Kakata ce matsalar.

Ɗigon koren ma haka yake maƙalewa a gurbi. Wata rana Kaka tana jan jerin, ya sauka a gefen sunan Kakana, mijinta, wanda ya rasu bara. Tun rasuwarsa ta daina cin abincin kirki, magani sai an yi da gaske, magana sai eh da a'a. Yanzu kullum da hantsi sai ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, ta zauna a bakin gado tana jan jerin sama da ƙasa, sama da ƙasa, har koren ya faɗo kansa. Sai ta danna ta fara ba shi labari. Famfon banɗaki yana yoyo, gwiwarta ta yi sauƙi, wane ya yi ƙiba, wance ba ta gaishe ta ba. Har faɗa take masa kan inda ya ajiye makullin akwati. Ta koma cin abinci, tana shan magani don ta samu abin gaya masa. Ni da take tsokana tana ce mini mijinta tun ina yaro, ta ce ta sallame ni tunda na gasken ya dawo.

Matata ta ce in gyara wa kowa, in yi wa Kaka tata daban wadda koren zai zauna a kansa dindindin. Abokin aikina ya ce wannan yaudarar tsohuwa ce da gangan. Ni kuwa duk sanda na buɗe kwamfuta na ɗora yatsa a kan wurin gyaran sai in ji kamar ni zan sake binne mata shi. Ina sonta, Anti, ina tsoron ta koma yadda take. Amma Kawu ma mutum ne, ba zai yi ta mutuwa ba iyaka. Yaya zan yi?

Daga Jikan Da Aka Sallama

Ɗana, sannu. Na yi dariya har na share hawaye, daga baya na sake share wasu da ba na dariya ba.

Mu fara da mai sauƙin. Baƙin zaren nan ka cire shi yau, kada ka jira makon babanka. Labarin mutuwa ba abin wasa ba ne, wata rana zai faɗa kan mai ciwon zuciya, ko kuma a yi rasuwar gaske kowa ya ce ai manhajar ce. Sannan ka taka da ƙafarka ka ba Kawu haƙuri, ka bar shi ya zazzage maka. Mutumin da ya ga ranar da ba a zo masa makoki ba yana da abin faɗa. Goggo ma a mayar mata da 'yancinta, yatsanta ba shi da laifi.

Batun Kaka, matarka tausayi ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma ban raina shi ba. Tsohuwar da ta koma cin abinci ba ƙaramin abu ba ce. Amma abokinka ya fi ta gaskiya. Kuskure daban, ƙarya daban. In ka kunna koren da gangan, gobe sai ta jira amsa, jibi kai ne za ka zauna kana kwaikwayon muryar mamaci.

Kuma ina ganin ka raina wayon Kakarka. Matar da ta gano cewa sai ta yi ta ja kafin koren ya faɗo, ta san ba shi ne ya ɗauki waya ba. Tana nan aka fita da gawarsa. Don haka kada ka gyara a ɓoye ta wayi gari ta ga ya ɗauke. Je ka zauna kusa da ita, ka faɗa mata yadda abin yake dalla-dalla. Ka bar mata sunansa da hotonsa da wurin danna saƙo, ta ci gaba da yi masa faɗa in tana so, wannan tsakaninsu ne, kuma kada kunnenka ya kai can.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Jerin nan cike yake da 'ya'yanta da jikokinta, koren kowa yana kunne da gaske, amma ta tsallake ku duka ta zaɓi wanda ba zai ce mata yana aiki zai kira anjima ba. Wannan ba ya gyaruwa a kwamfuta. Ku raba hantsin nan a tsakaninku, kullum wani ya kira ta ya saurari labarin famfo har ƙarshe, kuma a samu wanda zai je ya gyara famfon. Gobe kai za ka fara, kada kuma ka riga ta ajiye waya.

Allah ya jiƙan Kakanka, ya ƙara wa Kaka lafiya, ya ja da ran Kawu.

Antinku