Fuskar Maniru a Bangon Tasha

Assalamu alaikum Yaya Idi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka a Fatakwal. Allah ya ƙara maka rufin asiri. Mu nan Lambara alhamdu lillahi, albasa ta yi kyau, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na koye shi.

Yaya, Ɗanbaba mai zane, wanda ka ba aron shagonka na Boɗinga, ya cuce ni. An sa shi zana fastar kiran samari su shiga aikin sa-kai don yaƙar 'yan bindiga, sai ya rasa fuskar da zai ɗora sai ta ɗana Maniru. Yaron da ko yankan kaza ba ya iya kallo, shi aka faɗaɗa wa kafaɗu, aka rataya masa bindiga, aka zana idanunsa yadda duk inda ka tsaya kai suke kallo. A bayansa rumbu na cin wuta, ga tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Har tsagar gidanmu ya sa masa a kumatu, bai rage ko ɗaya ba. An manna fastar a tasha, a jikin motoci, har kasuwar Shagari.

Yanzu ana raɗe-raɗin mutanen daji suna tambayar mai wannan fuska. Maniru ya daina zuwa fadama, ni kuma barci ya ƙaurace mani. Da na je shagon, Ɗanbaba dariya ya yi, wai kamata ya yi in gode masa tunda ya mai da ɗana gwarzo. Na tambaye shi abin da ya hana shi zana ɗansa Anas, ya ce wai Anas ba shi da fuskar mazaje.

Ban yafe ba, Yaya, duniya da lahira. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ka karɓe shagonka, ka aiko mani da izini, ni da hannuna zan watsa masa gwangwanayen fentinsa a titi, kowa na gani. Amma kafin nan ka nema wa Maniru wurin kwana. Ranar Asabar zan sa shi mota zuwa wurinka, fuskarsa naɗe da rawani.

Ka gaishe mani da iyalinka, Basira da Khadija. Inna tana sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Zuwaira