Ƙullin Kanwar da Kika Cusa a Jakar Hadil

Aziziyya, Makka

Zuwa ga Yayata Hajiya Ɗaso,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar nan da ta hana ki sakat a wajen sa'ayi? Ina fata kina shafa maganin, ba ki rabar wa maƙwabta ba kamar yadda kika saba. Allah Ya karɓi Umararki, Ya maimaita mana muna masu rai da lafiya.

Mu nan lafiya ƙalau, sai godiya. Sukarin maigidana Sabo ya sauka, amma har yanzu da na juya baya sai ya kai hannu kwanon dabino. Ɗana Mish'al ya samu aikin nan na otal a Jarwal da kika yi ta yi masa addu'a a kai. 'Yata Rim kuwa tana nan da taurin bakinta, Larabci kawai, sai dai tun tafiyarki ta riƙe kalma ɗaya, duk wanda ya shigo sai ta ce masa sannu da aiki, ko da daga barci ya tashi. Gidan ya yi mana faɗi, Yaya. Da asuba nakan leƙa ɗakin da kika zauna, na manta kin koma Kano.

Yaya, akwai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na ɗauki waya ban san iyaka ba, ina jin ta fara ƙara sai in kashe, don na san idan na ji muryarki kuka zan yi, ke ma ki kama, mu tashi ba mu faɗa wa juna komai ba. Shi ya sa na ba Alhaji Zali wannan takarda ya kawo miki hannu da hannu. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki ba yara su karanta miki.

Kin tuna Hadil, Bafalasɗiniyar nan da ta zo Umara, ta yini a gidanmu ana jibi za ki tafi? Wadda kuka zauna a kan darduma ɗaya kuna ta dariya, ke ba Larabci, ita ba Hausa? Kin san 'yata Manal ce ta kawo ta saboda aikinta, wanda kike tsokanarta kina cewa aikin sa ido ne. To, ofishinsu masu ba da tallafi ne ke ɗaukarsa, ya bincika musu ko abin da suka tallafa wa ya yi amfani ko bai yi ba. A bana aka ba Manal wani shiri na mata a Gaɓar Yamma, can Falasɗinu, inda ake ƙarƙashin mamaya. Shirin yana koya wa mata haƙƙinsu na gado, yana ba su lauya. Manal ba ta da hanyar zuwa can, sai ta waya take jin ta bakin matan, shi ya sa da ta ji ɗaya daga cikinsu za ta zo Makka, ta yi murna kamar an yi mata bushara.

Abin da ba ki ji ba a ranar, don kina kicin kina koya wa Rim tuƙin tuwo, shi ne labarin gonarta. Mahaifinsu ya rasu ya bar gonar zaitun. Wanta Marwan ya so ta sa hannu ta bar masa rabonta, wai haka matan dangi suka saba yi don a zauna lafiya. Lauyar shirin, wata mai suna Basma, ita ta tsaya mata har sunanta ya hau takardar gonar. Amma gonar tana bayan katangar da masu mamaya suka gina, ƙauyen yana wannan gefe, itatuwan suna wancan. Ba mai shiga sai da takardar izini, tasrihi suke ce mata, kuma sai ranar da sojoji suka buɗe ƙofa. Basma ta sake yin faɗi-tashi har Hadil ta samu tata. Bara ne karo na farko da ta tsinki zaitun ɗinta da hannunta, kuma man da ta ba mu a 'yan kwalabe, ke ɗaya ni ɗaya, daga nan ya fito. Manal ta riga ta rubuta a rahotonta cewa Hadil ce babbar nasarar shirin.

Yanzu ki tuna da ƙwarnafin da ta yi ta fama da shi bayan cin abinci. Kika ce ai jar kanwa ce maganinsa, kika ɗauko wadda kika zo mana da ita, ita kuma ta ɗaga hannu tana godiya tana cewa a'a. Mu duka mun ɗauka kara ce irin ta baƙo. A filin jirgin Jidda kika raɗa mini kina dariya cewa kin yi wa Balarabiyar nan dabara, kin ƙulle kanwa da ɗan turaren wuta a baƙar leda, kin cusa can ƙasan jakarta lokacin da ta shiga alwala. Ni ma na yi dariya, wallahi, har na ce halinki sai ke. Ai haka muka tashi muka ga Inna tana yi. Ba a nuna wa baƙo tsarabarsa, don kada kunya ta sa ya ƙi, sai ya isa gida ya buɗe kaya ya gani ya sa albarka. Ni kaina bayan tafiyarki na tsinci kuka da daddawa a cikin akwatin zannuwana.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, a gadar da suke tsallakawa daga Jordan su shiga ƙasarsu, jami'an mamaya suka tambaye ta ko wani ya ba ta wani abu ta taho da shi. Ta ce babu, don iyakar saninta babu. Suka zazzage jakar, sai ga ƙullin baƙar leda an ɗaure bakinsa tamau, ciki da wasu duwatsu ja-ja masu gari da ba su taɓa gani ba. Suka tambaye ta mene ne, ta ce ba ta sani ba. Suka tambaye ta wa ya sa, ta ce ba ta sani ba. Aka ware ta daga ayarinsu, aka tsare ta tun hantsi har motarsu ta tafi ta bar ta, ana ta maimaita mata tambaya ɗaya. Daga baya suka gane ba wani abin cutarwa ba ne, suka zubar, suka sallame ta. Ta ɗauka magana ta ƙare. Da ta je sabunta tasrihinta na shiga gona, sai aka ce an hana, saboda dalilin tsaro. Ba wanda ya yi mata bayani fiye da haka.

Ranar da Manal ta dawo da labarin nan, ina yankan albasa. Ta tsaya a ƙofar kicin ko abaya ba ta cire ba, ta faɗa mini da Hausa tsantsa, ita da sai ta ga dama take Hausa. Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na ce kanwa? Kanwar da muke jefawa a miyar kuka? Na zauna a ƙasa ina ta salati. Wallahi Yaya har yau idan na buɗe gwangwanin kanwa sai gabana ya faɗi. Shekara nawa ina ganin Falasɗinu a talabijin ina cewa Allah sarki, ina zaton na san abin da ake nufi da mamaya. Ashe ban san komai ba. Ban taɓa tunanin akwai inda mace za ta ƙi karɓar kyauta ba don kunya ba, sai don kowane ƙulli da ke jakarta dole ta iya rantsuwa a kansa. Hannun da ta ɗaga mana ranar nan gargaɗi ne, mu kuma muka yi ta yaba tarbiyyarta.

Manal ta fi ni shiga ruɗu. Ta ce ta yi wata da watanni tana auna shirin nan, tana tambayar mata nawa aka koyar, nawa suka samu takardar gado, ba ta taɓa tambayar nawa ne ƙafarsu ke taka gonar ba. Shugabanta a ofis, mutumin kirki ne dai, ya ba ta shawara ta bar rahoton yadda yake, tunda lokacin da ta rubuta gaskiya ne. Yana tsoron idan masu tallafi suka ga babbar nasarar ta rushe, su janye hannu, Basma ta rasa aiki, Hadil ta rasa lauya a daidai lokacin da ta fi bukatarta. Manal ta kasa cin abinci. Ƙarshe ta kira Hadil, ta faɗa mata daga inda ƙullin ya fito, ta ba ta haƙuri, sannan ta tambaye ta abin da take so a rubuta.

Na zauna kusa ina ji, Manal tana juya mini abin da ya wuce ni. Hadil ta yi wata 'yar dariya, ta ce ashe Hajiya ce, ai da ma ta yi zargin haka. Ta ce a rubuta komai, kada a rage ko ɗaya. Ta ce da can Marwan ne ke tsayawa a ƙofar katanga a kore shi, ita tana gida ba ta ma da abin da za a hana ta. Yanzu kuwa ita ake hanawa, da sunanta, a kan gonarta, kuma ba ta yarda a ce wannan ba komai ba ne. Ta ce a gaya wa masu tallafi cewa shirin ya raba ta da danniyar cikin gida, saura ta bakin ƙofa, idan suka tafi yanzu sun bar ta a tsakiyar hanya. Haka Manal ta rubuta, ta miƙa. Ba mu san abin da za su yanke ba.

Sai kuma Hadil ta roƙi abu ɗaya, ta ce don Allah kada a gaya miki. Ta ce ke baiwar Allah ce da ta ga cikinta na ciwo ta nema mata magani, kada a ɓata miki Umara. Na so in cika mata wannan, Allah Ya sani. Amma Basma ta ce hujjar da suke riƙe da ita kawai ita ce wai Hadil ta yi ƙarya a gada, kuma abin da zai iya taimakawa shi ne shaidar wadda ta sa ƙullin. Tana so ki je kotu a can Kano ki yi takardar rantsuwa, ki faɗi sunanki, da cewa ke kika sa, Hadil ba ta sani ba, da abin da kanwa take, da cewa al'adarmu ce. Sa'ud ɗanki ya san hanya, ya raka ki, ya ɗauki hotonta ya turo wa Manal, ita za ta sa a fassara. Basma ba ta yi alkawarin za a dace ba, ta ce sau da yawa ko amsa ba a bayarwa. Amma tsinkar zaitun ta kusa, ba a buɗe ƙofar sai na ɗan lokaci, kuma Hadil tana tsoron idan gonar ta kwana biyu ba mai taka ta, a ce ba ta da mai ita. Don haka kada ki jira Malam ya dawo daga ƙauye, ki je a satin nan.

Na san ki, Yaya. Na san yanzu kin ajiye takardar nan kin ɗora hannu a ka. Ki yi kukanki, ni ma na yi nawa, amma kada ki ce za ki daina kyauta, don ba hannunki ne ya gina katangar ba. Ni da na yi dariya a filin jirgi, da ni aka yi.

Ki gaishe mini da Malam idan ya dawo, da Sa'ud da matarsa Asiya, da Aishatu da jaririnta, da Baba Kabo, ki ce ina nan ina masa addu'a a Harami. Sabo da Mish'al da Rim suna gaishe ki. Manal ta ce in gaya miki, ke Innarta, ba ta riƙe ki da komai ba.

Abu na ƙarshe. Kwalbar man zaitun ɗin nan da Hadil ta ba ki, kin ce za ki raba wa matan layinku kowa ta ɗanɗana albarkar ƙasar Ƙudus. Idan ba ki riga kin rabar ba, ki dakata. Na tambaye ta ko tana da saura a gida, ta ce na bara duk ta ƙarar a tsarabar Umara, don ta ɗauka na bana na tafe. Tawa kwalbar na ɗauke ta daga kicin, na sa a cikin akwati.

Taki ƙanwa har kullum,
Kabira