Lallen Salla a Cinyar Nugat

Lyon, Laraba

Zuwa ga kakana, Wanzami Mai Moussa na Château Rouge,

Assalamu alaikum. Ya jikin tsufa, ya gwiwa, ya masu zuwa aski? Ka gaishe min da amaryata Hajiya Hamida, ka ce mata har yanzu ina jiran ranar da za ta gaji da kai. Na ba Habibou direba takarda ne don in na kira telefon kunnenka ba ya ɗauka, sai duk shago ya ji asirina.

Kaka, na yi ɓarna. A bargar dawakin da nake aiki akwai wani duƙushi fari tas, shekararsa biyu, sunansa Nugat. Ni ke ba shi ci, ni ke share masa wuri, in ya ji tafiyata haniniya yake. Madam Widad mai bargar ta tafi jinyar mahaifiyarta, ta bar min amanarsa. Ranar jajibirin Salla na kwaɓa lalle, na ce yaro ba zai yi Salla ba kwalliya ba. Na zana masa fuska a cinya, mai sanƙo da ɗan gemu. Ba sai na faɗa maka fuskar wa ce ba.

Ruwa ya ƙi wanke ta. Abin da ya fi muni, yanzu gashinsa zuba yake. In na shafa bayansa sai hannuna ya cika. Ban taɓa ganin haka ga dokin Maradi ba. Ina tsoron lallen ne ya sa masa ciwo. Na lulluɓe shi da bargo kar a gani, amma Madam za ta dawo Litinin, kuma ta taɓa ce min in na sake yi mata shaƙiyanci sai na nemi wani aikin.

Don Allah ka aiko min da babban injin askinka. Zan aske shi duka in ce don zafin da ke tafe na yi.

Jikanka da ya fi ka kyau,
Rachidou

Lyon, Asabar

Kaka,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, inji ya iso, tare da saƙon da ka ba Habibou cewa shekara hamsin kana aski ba ka taɓa ɗora aska a kan da mai shi bai ce bismilla ba. Na ji. Na kuma ji ka ce gemunka ya fi wanda na zana tsawo. A nan kam ban yarda ba.

Da safe na kunna injin. Nugat na jin ƙararsa ya ja da baya har ya daki bango, jikinsa na ɓari. Ina kashewa sai ya zo ya cusa kansa ƙarƙashin hammatata, wai ni yake neman in cece shi, alhali ni ke riƙe da abin. Kaka, sai da idona ya yi ruwa. Ga shi har yau ruwan bokiti daskarewa yake da asuba. In na tuɓe masa gashi, da me zai kwana? In kuma ciwo ne, aski ɓoye shi zai yi, ba magani ba.

Na mayar da injin cikin jaka. Litinin zan ɗaga bargon da hannuna. Ku sa ni a addu'a, in an kore ni ka share min kujera a shago.

Naka,
Rachidou

Lyon, Talata

Kaka,

Ina fata kun tashi lafiya, kai da amaryata.

Na faɗa wa Madam komai. Ta daɗe tana kallon cinyar, ta tambaye ni wane bawan Allah ne wannan. Na ce wanzami ne a Paris. Dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna kan buhun ciyawa. Ashe dokin ƙasar nan kowace shekara, in sanyi ya ja jiki, zubar da gashin sanyi yake ya yi sabo, lafiyarsa lau. Ta ce da na aske shi da tsoron inji zai bi shi har girma, da kuma na tarar da jakata a bakin ƙofa. Hukuncina buros ne, in taje masa gashi kullum da safe, har fuskarka ta zube da kanta.

Yau gemun ya tafi. Sanƙon ne ya ƙi, kamar na mai shi.

Habibou zai kawo maka injinka. A cikin ambulan kuma akwai gashin Nugat, ja da fari, tafi guda. Ka ba Hajiya Hamida ta liƙa maka a ka, ko za ta ƙara haƙuri da kai shekara ɗaya.

Jikanka, wanda har yanzu yake da aiki,
Rachidou