Wasan da Na Yi wa Baƙo Ba'amurke

Assalamu alaikum, ƙanena Rabi'u.

Ina fata kana lafiya, da Mariyamu da yara. Mu nan unguwar Sa'alaba a Saudiyya alhamdulillahi. Ɗakin da muka samu bayan rushe tsohuwar unguwarmu Karantina ƙarami ne, amma yana koya mana zumunci.

Abin kunya na tafka. Wani Ba'amurke baƙar fata, Abdulghaffar, ya zo Umra, muka haɗu a masallaci, na kawo shi gida cin tuwo. Jikata Khairiyya ce tafinta. Ya ce an gwada jininsa, an ce asalinsa Babarbare ne. Ka san wasanmu Fulani da Barebari. Don murna na ce, "Ashe bawana ne ya dawo gida!"

Yarinyar nan ta fassara, ko kalma ba ta rage ba.

Ya ajiye cokali. A hankali ya ce kakanninsa bayi ne a gonakin auduga, sai da aka yi yaƙin basasa zamanin Lincoln kafin a 'yanta su. Mahaifiyarsa kuma ta sha duka don ta nemi yin zaɓe. Na yi bayanin wasan, ya ce ya yafe. Amma bai ƙara loma ba.

Don Allah ka je wurin maƙwabcinmu na gida, Modu Babarbare, ya yi masa maraba da Barbarci a waya, ya kira shi ɗan'uwa. Alhamis zai tafi, kada ya koma da maganata kaɗai. In Modu ya yi mini dariya, ƙyale shi, wannan karon ya ci.

Yayanka,
Hashim