Gwangwanin da aka sayar mana a mangazar gyaɗa

Zuwa ga Mushe, Bature mai mangazar awon gyaɗa da ke bakin hanyar mota a Dogon Dutsi.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da madam da yara. Bayan haka, ni ne Gado ɗan Maidaji, mutumin Matankari, ɗaya daga cikin 'yan dakon da suka ɗauki buhunan gyaɗarka daga ma'auni zuwa kamyo, babbar motar kaya, a kakar bana. Ba ka san sunana ba. Ban iya rubutu ba, wani malami ne ya rubuta mini wannan takarda, na kuma roƙe shi ya karanta ta a kasuwa kafin a kawo maka, don na sha zuwa ƙofarka, Ɗan Baro, wanda ka ɗora bisa 'yan dako, yana korata. A kansa nake kuka, kuma a kanka, tunda da sunanka yake komai.

Na farko. Ka sani matar Ɗan Baro ce kaɗai ke sayar da abinci a bakin mangaza. Shinkafa da wake take yi, rabin kwano ruwa, a kan kuɗin da ya ninka na kasuwa. Sa'ad da na fara aiki na ci nata kamar kowa, har ranar biya na ga abin da ya saura a hannuna ba zai kai ni gida ba, balle ya biya haraji. Matata Haɗiza, wadda muke zaune da ita a ɗakin aro a bayan tasha, ta ce ita za ta riƙa dama mini fura, in tafi da ita. Ba mu nufi kowa da sharri ba. Talaka ne ke neman ya rage tamma ɗaya ko biyu.

Na biyu. Na fara da ƙwarya, an rufe ta da faifai. Na ajiye ta gindin aduwa. Da rana ta take, Ɗan Baro ya zo ya tsaya kanta, ya ce ƙwarya ƙazanta ce, tana jawo ƙuda, kuma Mushe ba ya son ƙuda. Ya sa takalmi ya taka ta. Bai zubar ba, takawa ya yi, a hankali, yana kallona, har furar ta fito ta gefen takalminsa. Na koma da gora mai wuya, na rataya ta a reshe inda ƙafa ba ta kai. Ya fasa ta da sanda. Haɗiza ta ɗauko akushin da uwarta ta ba ta, baƙin ice mai murfi, ta ce wannan dai ba ya fashewa. Bai fashe ba. Ɗan Baro ya karɓe shi, ya ce duk abin da ke da murfi da shi ake satar gyaɗa. Wannan akushin yanzu a cikinsa matarsa ke zuba albasa, kowa na gani.

Na yi tunanin langa mai fenti irin wadda fatake ke kawowa daga wajen Kabi, na je kasuwa na taya, na ga ba tawa ba ce. Ko da na saya ma, ita ma murfi gare ta.

Na uku. Da Ɗan Baro ya ga 'yan dako da yawa sun bi sawuna, sai ya tara mu ya ce Mushe ya yi doka: wanda zai kawo abinci daga gida, sai a cikin gwangwanin mangaza, kuma wurinsa za a saya. Gwangwanayen nan ka san su. Su ne ake kawo garin da ake barbaɗa wa buhuna don kashe ƙwari. Akwai rubutun Nasara a jikinsu da jan fenti, amma babu mai karatu a cikinmu. Komi, wanda ke rubuta awo, ya iya karatu, yana zaune bisa kujerarsa ana sayar mana, bai ɗaga kai ba. Na saya. Haɗiza ta wanke shi da toka, ta dirje shi da yashi, ta shanya, warin bai fita ba. Na koma na gaya wa Ɗan Baro. Ya ce, "Warin ƙasar Turawa ne. Hancinka ne bai saba da abin kirki ba."

Kwanakin farko tuwo nake sawa, sai dai ciwon kai da tashin zuciya, na ɗauka rana ce.

Na huɗu, shi ne ya sa na rubuto. Akwai abokin ɗaukata, Noma, mutumin Ɗan Kassari. Shi ke kama kunnen buhu ɗaya, ni ɗaya. Ba shi da mata a nan, kuma ya daina cin na matar Ɗan Baro don yana tara kuɗin shanun huɗa, saboda haka tare muke cin nawa. Ran nan fura ce da nono, ta wuni a rana cikin gwangwanin tun safe. Na kurɓa kaɗan na miƙa masa, don bai karya ba. Ya shanye, ya yi hamdala.

Ba mu ɗauki buhu da yawa ba bayan nan sai ni na durƙusa ina amai. Shi kuwa faɗuwa ya yi da buhun bisa kansa. Jikinsa ya kama karkarwa, yana bugun ƙasa da ƙafa, kumfa na fita bakinsa, idonsa ya juye. Na ja jiki na ce a kai shi likita, ga kamyo nan tsaye, direba na ciki. Ɗan Baro ya ce kamyon gyaɗa ba na ɗaukar arna ba ne. Ya juya wurin mutane yana dariya, ya ce, "Ba'are ne ɗan bori, doguwarsa ce ta hau. Ku yi mata kiɗa ta sauka." Ya ɗauki sanda ya fara bugun wani gwangwani, ya ce duk wanda bai tafa ba ya bar aiki yau. Mushe, sun tafa. Mutane masu iyali, masu gemu, suna tafi suna kawar da kai. Kai kana bisa barandarka sa'an nan. Na gan ka ka leƙo, ka tsaya kaɗan da kofi a hannunka, ka koma ciki. Wataƙila ka ɗauka wasa muke.

Sai da aka tashi aiki wasu 'yan garinsu suka ɗora Noma bisa jaki. Bai kai likita da rai ba. Ni na yi kwanaki kwance, har yau hannuna na dama rawa yake, ba ya riƙe kunnen buhu. Da na koma, Ɗan Baro ya ce an cike gurbina. Gwangwanin nawa ya ɗauraye shi ya sayar wa wani Bafillace da ya shigo aiki bayana. Na tare mutumin a hanya na gaya masa, ya ce ya ji, amma in bai kawo abinci a cikinsa ba, me zai ci?

Ga abin da nake roƙo. A tara gwangwanayen nan duka a huda gindinsu a gaban mutane. A bar ɗan dako ya kawo abincinsa cikin ƙwaryarsa, in ana tsoron sata a buɗe a duba a bakin ƙofa. A mayar wa Haɗiza akushin uwarta. Ban roƙi aikina ba, hannun ba zai yi ba.

Na ƙarshe ya fi su nauyi. Ɗan Baro ya aika wa tsohuwar Noma a Ɗan Kassari cewa iska ce ta kashe ɗanta. Ta yarda. Ta sayar da awakinta biyu da take da su ta yi yanka, don kada abin ya koma kan ƙannensa, kuma maƙwabta sun hana 'ya'yansu shiga gidanta. Na je na faɗa mata gaskiya, ta ce ni ma taɓaɓɓe ne, ta dubi hannuna. Maganata ba ta da nauyi a wurinta, taka tana da shi. Ka aiki mutum da sunanka ya tsaya a ƙofarta, a gaban mai gari, ya faɗi abin da ke cikin gwangwanin.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama aikinka ka koma ƙasarku ka tarar da mahaifiyarka da rai. Allah ya kiyaye ta, kada ta taɓa jin labarin ɗanta daga bakin maƙaryaci.

Wassalam.

Gado ɗan Maidaji, ɗan dako, bayan tasha, Dogon Dutsi.